Sau Ɗaya Na Kira Sunansa

Ɗana na fari sunan mahaifina gare shi. Tun ranar da aka raɗa masa suna a ɗan flat ɗinmu na Hulme, ban taɓa kiransa da shi ba sai sau ɗaya. In ina nemansa na ce "kai", in ina zancensa da mutane na ce "yaron nan" ko "mai sunan Baba". Haka na tashi na gani a gidanmu a Kano. Ni ma ɗan fari ne, kuma har mahaifina ya koma ga Allah ban ji sunana a bakinsa ba. Ban taɓa zama na ce ba ya ƙaunata ba. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya san ta, ba mai tambaya.

To shi yaron nan a Manchester aka haife shi, inda ba wanda ya san da wannan kunyar. Shi ma ɗin bai san ta ba, don ban taɓa zaunar da shi na yi masa bayani ba. Ta yaya ma zan fara?

Yana ɗan shekara goma sha ɗaya council, wato hukumar gari, ta fito da wani shiri. Duk Asabar ana ɗibar yaran unguwa a bas a kai su filin ƙanƙara, a ara musu takalma da sanduna. Wasan hoki ne amma a kan ƙanƙara. Ƙasan takalmin ƙarfe ne kamar wuƙa, kowa da sanda mai lanƙwasa, suna bin wata baƙar roba da ba ta fi murfin gwangwanin madara ba. Na ɗauka zai yi sati biyu sanyi ya koro shi. Bai koro shi ba.

Lokacin ina shara da goge-goge a wurin ninƙaya na council. Sai aka shiga shekarun tsuke bakin aljihu. Aka rufe laburaren unguwa, aka rufe ɗakin matasa, aka rufe wurin ninƙayar da nake aiki, bas ɗin Asabar ma ya daina zuwa. Sauran yaran suka watse. Shi ya ci gaba da zuwa da kansa, bas biyu, da wata ƙatuwar jaka da ta kusa fin shi tsawo. Ni kuma na koma hannun agency, masu ɗaukar ma'aikatan wucin gadi, ina lodin kaya a wani sito na daskararren abinci. Da asuba za su turo maka text a waya in akwai aiki, in ba su turo ba ka koma ka kwanta. Da wannan nake fakewa duk sanda ya ce in zo kallo. Gaskiyar magana ita ce, a wajenmu uba ba ya zuwa ya zauna yana kallon ɗan farinsa ana tafa masa.

Ya shiga uni, wato jami'a, suka saka shi a ƙungiyarsu. A shekararsa ta ƙarshe, wata Lahadi da rana ya zo gida. Uwarsa tana kicin tana tuƙa tuwo, ni ina zaune ina shafa wa gwiwata magani. Ya gaishe ni, bai zauna ba.

"Baba, ranar Asabar akwai gasar jami'o'i a Birmingham. Ita ce ta ƙarshe, daga ita na gama."

"Allah ya ba da sa'a," na ce.

"Ba addu'a na zo nema ba, Mama tana yi min kullum. So nake ka zo."

"Ina da shift a sito."

"Ina ka sani? Ai sai sun yi maka text."

Gaskiya ya faɗa. Daga nan ya juya harshe zuwa Turanci, haka yake yi in ransa ya ɓaci, Hausar ba ta isarsa. Ya ce kowa a ƙungiyar akwai mai zuwa ya yi masa ihu. Ya ce akwai wanda babansa a keken guragu ake turo shi, amma bai taɓa fashi ba. Ya ce shekara goma yana ɗaga kai yana duba benci. "Sau ɗaya nake so in ji muryarka a wurin," ya ce. "In ba ka zo wannan ba, shi ke nan, ba zan sake roƙonka komai ba." Ya fita ko tuwon bai tsaya ci ba.

Uwarsa ta fito da muciya a hannu. Ita ba za ta samu zuwa ba, aikin kula da tsofaffi take yi, ba sa ba ta hutun Asabar.

"Malam, ka je," ta ce. "Kuma in ka je ka buɗe baki."

"Ke ma kin san abin da ya sa."

"Na sani. Ni tawa kunyar na ajiye ta tun ranar da ya ɓace min a kasuwa yana ɗan shekara uku. Da 'kai' zan nemo shi a cikin mutane? Ka je kawai."

Ranar Asabar da asuba text ya shigo, akwai aiki. Na mayar musu ba zan samu zuwa ba. Na san abin da zai biyo baya, duk wanda ya ce musu a'a sai su manta da lambarsa na ɗan lokaci. Na ɗauko shaddata ta Sallah, fara, da hula, da takalmi sau-ciki. A ganina in za ka je wa mutum taronsa, da kayan mutunci ake zuwa. Na ɗora 'yar jaket a sama na hau coach, babbar bas ta tafiyar nesa.

A Birmingham wani abokina ya tare ni. Mutumin Kumasi ne, ɗan zango, yana zaune a Ladywood yana tuƙa tasi. Tare muka yi wanke-wanke a wani gidan abinci a Rusholme, can Manchester, farkon zuwanmu ƙasar nan. Yana hango ni ya fashe da dariya.

"Bakano! Ɗaurin auren wa za ka?"

"Kai dai ja mota."

"Cikin firij fa za mu shiga. Kai da kake aiki a firij ba ka san firij ba?"

"Can ai suna ba mu kaya."

"To nan ba mai ba ka ko safa. Yau za ka ci ubanka da sanyi, Allah ya jiƙan Baba."

Filin yana can gefen gari, tsohon gini, an manna takarda a ƙofa cewa ana shirin rufe shi, masu son a bar shi su sa hannu. Abokina ya sa, ni na wuce. A ciki rufin yana yoyo, an jera bokitai a kan matattakala. Warin soyayyen dankali da jiƙaƙƙiyar safa ya cika ko'ina. Ƙungiyoyi da yawa ne, tun safe ake yi, wasu na fita wasu na shiga. Ɗalibai sun cika ɓangare guda da ganguna, sun shafa fenti a fuska, wani ma ya tuɓe riga a cikin wannan sanyin yana rawa da tumbi. Suna waƙa suna zagin mai tsaron gidan abokan hamayya, har da uwarsa. Iyaye kuwa suna ɗaya ɓangaren, kowa da bargo da fulas ɗin shayi, ka san sun saba. Filin kansa an zagaye shi da katako daidai ƙugu, a kan katakon kuma gilashi mai kauri.

Muka samu wuri a layi na biyu, dab da gilashin. Ban yi minti biyar ba sanyin ya bi ta ƙasan shadda ya kama ni har ciki. Haƙorana suka fara haɗuwa. Wata Baturiya da ke gefena, babbar mace mai furfura, riƙe da ƙararrawa, ta dube ni ta ce, "Oh, love," ta yafa min rabin bargonta ba ta ko tambaye ni ba. Ta ce ɗanta ne mai tsaron gidan 'yan Manchester.

"Wanne ne naka?" ta ce.

"Lamba goma sha huɗu."

"Ya sunansa? Mu yi masa ihu tare."

Na ci gaba da kallon filin. Ta jira, ta zaci ban ji ba, ta sake tambaya a hankali kamar mai magana da kurma. Abokina ne ya leƙo ya faɗa mata. Sai ta dafe ƙirji. Ashe ta san shi sarai. Ta ce ya sha cin abinci a gidanta, ta sha ɗauko shi a mota in sun tashi wasa a wani gari, ita take yi masa ihu tun shekararsa ta farko a uni. "Kullum cewa yake babansa yana wajen aiki," ta ce. "Yau zai ji daɗi."

Wasan kusa da na ƙarshe ne, wanda ya ci zai buga na kofi da yamma. Ana yin sa kashi uku da hutu a tsakani. Suka fito, kowa da hular kwano mai waya a fuska, kafaɗu sun kumbura da kayan kariya, ba ka gane kowa sai da lamba. Robar da suke bi ban taɓa ganin inda take ba, sai dai in ji ta daki katako kamar harbi. Na rabu da ita na bi lamba goma sha huɗu da ido.

Wallahi ban san haka yake ba. Yaron da a gida yake tafiya a sunkuye, yana shiga ɗaki kamar mai neman gafara, shi ne nan yake tsaga fili, ya juya da baya a guje, ya ci birki ƙanƙara ta yi feshi. Manyan ƙarti suna kauce masa. Matar nan tana kaɗa ƙararrawa tana kiran sunan mahaifina da ƙarfi, tana karya shi irin na Turawa, ɗalibai suna amsa mata da ganga. Abokina ma ya shiga ciki, bai san dokar wasan ba amma yana zagin alƙali da Hausar zango. Ni ina zaune da hannuwana a cikin bargo.

A kashi na biyu ya ci. Ban ga yadda aka yi ba, na ga dai ya kutsa tsakanin mutum biyu, sai jar fitila ta kama a bayan raga, aka busa wani ƙaho, wurin ya kaure. 'Yan ƙungiyarsa suka yo kansa za su rungume shi, ya zille musu. Ya taho kai tsaye inda muke. Ba wuyar gane ni, ni kaɗai ne mai hula da farar shadda a duk ginin. Ya tsaya a gabana, gilashi ne kawai tsakaninmu, ya daki gilashin da hannu sau biyu, yana haki, yana dariya, idonsa a kaina ta cikin wayar hular.

Abokina yana girgiza min kafaɗa. "Tashi! Ɗaga masa hannu, Bakano, tashi!"

Ranar da na sauke Alƙur'ani, da aka fito da ni gaban jama'a, mahaifina kau da kai ya yi yana kallon bango, kawunnaina ne suka ɗaga ni sama. Abin da na yi ke nan. Ban yi shawara da zuciyata ba, wuyana ne ya juya da kansa. Na samu kaina ina kallon wani bokiti da ruwa ke ɗiga a ciki. Da na waiwayo, bayansa na gani, lamba goma sha huɗu tana tafiya a hankali.

Matar ta daina kaɗa ƙararrawa. Amma ba ta janye bargonta ba.

Da aka tafi hutu abokina ya ja ni gefe, wajen injin sayar da lemo.

"Kai wane irin mutum ne?"

"Ba za ka gane ba."

"Na gane sarai, mu ma muna da ita a zango. Amma can in uba ya kau da kai, akwai kaka, akwai gwaggo mai guɗa, akwai kawu goma. Nan wa yake da shi? Waccan tsohuwar mai ƙararrawa?"

Na shimfiɗa jaket ɗina a lungu na yi azahar. Bayan na sallame na zauna ina gwada sunan a leɓena ba sauti. Ji nake kamar mahaifina yana tsaye a gabana zan kira shi gatsal. Amma na ƙudura a raina, a kashi na uku, ko me zai faru, da ya wuce ta gabana zan kira shi.

Bai wuce ta gabana ba. Da suka dawo wani wasa daban yake yi. Ya daina bin robar, mutane yake bi. Ya bangaje wani ta baya, alƙali ya busa ya tura shi wani ɗan keji da ake zaunar da mai laifi minti biyu. Kejin yana fuskantar mu, amma bai ɗago kai ba ko sau ɗaya. Yana fitowa ya bi robar kusurwa a guje, kansa a sunkuye. Matar ta ce, "Ɗaga kanka, ɗaga kanka," a hankali, kamar da kanta take. Wani ƙato daga ɗaya ƙungiyar ya zo ya haɗa shi da katako. Ƙarar da kansa ya yi har yau in na ajiye kwali da ƙarfi a sito sai na ji ta.

Ya zube bai tashi ba. Ganguna suka tsaya. 'Yan wasan duka biyu suka durƙusa a gwiwa ɗaya. Wurin ya yi tsit, har kana jin gurnanin injin da ke daskarar da ƙanƙarar. Ƙafarsa ɗaya a lanƙwashe, sandarsa can gefe.

Ban san sanda na miƙe ba. Na kira sunan. Cikakke, yadda liman ya faɗe shi ranar suna, da duk ƙarfin da ke ƙirjina. Na sake kira. Duk wanda ke ginin nan ya ji, ɗaruruwan fuskoki suka juyo suna kallona. Shi bai motsa ba.

Da aka ɗauke shi a gadon ɗaukar marasa lafiya, 'yan wasan suka dinga buga sandunansu a kan ƙanƙara. Na zaci tsiya ce, na yunƙura zan yi masifa, matar ta riƙe min hannu ta ce girmamawa ce, haka ake yi wa wanda ya faɗi. Motar asibiti ta daɗe ba ta zo ba. A cikinta ya farfaɗo, ya yi amai, yana ta tambayar ina takalminsa.

A asibiti babu gado. A baranda aka ajiye shi, layi guda da tsofaffi, wata tana ta kiran nas, nas ɗin guda ɗaya tana gudu tsakanin mutum goma. Na yi la'asar a tsaye a jikin bango. Sai a lokacin na lura bargon matar nan yana kafaɗata, na taho da shi. Likita ya zo daga baya ya haska masa ido, ya ce ƙwaƙwalwa ce ta girgiza, wuya bai karye ba, zai warke, sai dai abin da ya faru dab da faɗuwar ba lallai ya tuna ba.

"Mun ci?" yaron ya tambaya, da likitan ya tafi.

"An cinye ku da ɗaya," in ji abokina. "Bar wannan. Me ka tuna?"

"Na tuna na ci. Na zo wajen gilashi." Ya juyo da ido kaina. "Na tuna ka juya kai."

"Ya kira ka!" abokina ya ce. "Wallahi tallahi ya kira sunanka, sau biyu, har bango ya amsa. Ni kaina na firgita."

"Kawu, ba sai ka yi masa ƙarya ba."

"Ni zan rantse a kan ƙarya? To ga shi nan, tambaye shi."

Bai tambaye ni ba, kallona kawai ya yi yana jira. Abokina ma ya zuba min ido. Kalma ɗaya ce, na riga na faɗe ta a gaban jama'a awa uku da suka wuce. Amma yanzu idonsa biyu, kuma idon nan na mahaifina ne sak. Na buɗe baki.

"Kai," na ce, "kana jin yunwa?"

Ya daɗe yana kallona, sannan ya rufe ido. "It's fine, Dad," ya ce. Bai taɓa ce min Dad ba sai ranar.

Daga baya abokan wasansa sun gaya masa, matar nan mai bargo ma ta gaya masa, ya san abokina bai yi ƙarya ba. Na ɗauka hakan zai gyara wani abu. Uwarsa ce ta kawo min amsarsa, tana ninke kaya ba ta dube ni ba. Cewa ya yi, "Sai da ya zaci na mutu."

Ya cika alkawarinsa ko da yake na je. Bai sake roƙona komai ba. Ranar bikin gama uni uwarsa ya kawo wa katin shiga, ya ce in ina so akwai guda, in ba na so ba komai. Na je, na zauna a baya, da aka kira shi na tafa tare da kowa, bai san ta inda nake ba. Ya samu aiki can arewacin ƙasar nan, ya daina wasa, likita ya hana. Agency kuwa sati uku suka yi ba su neme ni ba. Filin an rufe shi duk da hannun da aka sa, abokina ya ce gidaje ake ginawa a wurin.

Yana kiran uwarsa duk Lahadi. In sun gama ta miƙo min wayar, ya ce, "Baba, ina wuni," in ce, "Lafiya, ya aiki," ya ce, "Alhamdulillahi." Uwarsa tana tsaye a kaina tana yi min nuni da baki, ta ƙi tafiya. Ina jin numfashinsa a wayar, ba ya saurin kashewa. Wani lokaci har na haɗa leɓe, sai in ji na ce, "To, ga mamanka."

Bargon yana nan a bayan kujera, mai launin ƙungiyarsu ne, ja da baƙi. Ban san gidan matar ba. Shi ya sani, kuma kullum ina cewa zan tambaye shi in mayar mata da kayanta.